Mastura da Tafiyar Girka

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda ba gidan Mastura ake tambaya ba, hannunta ake tambaya. In an yi haihuwa, ko an sa ranar aure, ko an yi rashi ana neman abin da za a ba masu zaman makoki, magana ɗaya ce: "A je a gaya wa Mastura." Ba a cewa a je a roƙe ta. Gaya mata ake yi, yadda ake gaya wa mai ruwa ya kawo ruwa.

A Jidda aka haife ta, a bukkokin Takari da ke bayan ganuwa, tun ganuwar tana tsaye. Iyayenta mutanen ƙasar Haɗeja ne. Sun fito hajji a ƙasa da niyyar su je su dawo, hanya ta cinye musu shekaru: su yi ƙodago nan, su tsinci auduga can, har suka kai bakin ruwa a Sawakin, aka loda su a jirgin katako kamar tumaki. Da suka sauke farali sai suka ce bari su ɗan zauna su murmure kafin su juya. Murmurewar ce ba ta zo ba. Uban ya ƙare a ɗaukar ruwa, uwar a sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, kuma har ta koma ga Allah, in za ta yi zancen wani abin alheri, cewa take, "in mun koma."

Mastura ba ta taɓa faɗin haka ba, don ba ta san inda za ta koma ba. Tana 'yar budurwa ta shiga wanke-wanke a gidan Sidi Othman, wani attajiri mai shigo da shinkafa da shayi. Mai girkin gidan a lokacin Bahabashiya ce, mai faɗan tsiya, ba ta koya wa kowa kome. Mastura da ido ta koya. Ranar da ƙafafun matar suka kumbura ta kasa tsayuwa, aka waiga aka ga Mastura a gaban murhu, ludayi a hannu. Ba wanda ya ce ya ba ta aikin, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta ajiye.

Ta auri Usuman, ɗan dako a tashar jirgin ruwa, mutum mai shiru-shiru. Buhuna suka gama da bayansa, tari ya ƙarasa sauran. Ya bar mata ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da 'ya ɗaya, Zakiya, wadda aure ya kai Madina.

Juma'a ce ranar hutunta, a baki. Mutanen unguwa duk masu aikin wasu ne, Juma'ar ce kaɗai tasu, don haka duk wata walima da sadakar mamaci a ranar ake tara su. Mastura ta fito daga tukwanen tagulla na gidan attajiri ta faɗa kan tukwanen unguwa, manya, baƙaƙe wuluk, a kan duwatsu a tsakiyar lungu, hayaƙi na cin ido. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Da wane baki? Su suka wanke mata uwa, su suka ɗauki Usuman zuwa makwancinsa. Ta haura hamsin a haka. In za ta ɗago daga sujada sai ta dafa bango, bayan hannuwanta kuwa duk tabon mai ne, sabo a kan tsoho.

Ko bazara ba ta da bambanci a gare ta. Duk shekara gidan Sidi Othman kan kwashe su hau Ɗa'ifa gudun zafin Jidda. Su iska suke zuwa sha. Ita abin da ta sani game da Ɗa'ifa shi ne murhun can ya fi hayaƙi, ruwa ya fi nisa, baƙi sun fi yawa.

A shekarun da arzikin mai ya fara sauya Jidda, ana ta fasa tituna ana rushe tsofaffin gidaje, 'ya'yan masu hali suka fara raina Ɗa'ifa. Hamad, autan Sidi Othman, yana cikinsu. Mastura ce ta goye shi, goyon zane irin na gida, har uwarsa na tsoron ƙafafunsa za su lanƙwashe. Ya je Misra ya karanto injiniya, ya dawo ya auri Bashira, suna zaune a saman benen gidan da 'ya'yansu ƙanana. Har yau Dada yake kiranta, yadda 'ya'yan Jidda ke kiran wadda ta rene su.

Wata rana da hantsi ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, tana tsinar shinkafa. Da Larabci suke magana, kamar kullum.

"Dada, bana su Baba kaɗai za su Ɗa'ifa. Mu Yunan za mu. Wata jazira ce a tsakiyar teku, mako ɗaya. Kuma da ke za a je."

Ta ɗago kai. Jazirar da ta sani guda ce, ta Sudan, inda uwarta ta ce ƙaya ta cinye mata yatsu.

"Jazira? Auduga za ku tsinta?"

Ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ya ce tsibiri yake nufi, ƙasa ce ruwa ya kewaye ta. Ya zaro wani kati mai hoto daga aljihu ya miƙa mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Gidaje ne farare fat, ƙanana, sun hau kan juna a jikin dutse, ƙofofinsu shuɗi, teku a ƙarƙashinsu ta fi ƙofofin shuɗi. A gefe guda wata tsohuwa ce sanye da baƙaƙen kaya, zaune a bakin ƙofa. Mastura ba tekun ta tsaya kallo ba. Hannuwan tsohuwar ta kalla. Suna kan cinyarta, a buɗe, ba kome a cikinsu.

"Wa zai yi muku girki a can?"

"Otal za mu sauka, Dada. Wallahi ba za ki taɓa tukunya ba. Hutawa za ki yi. Kin yi mana da yawa."

Ta ce Allah ya yi albarka, ta mayar masa da katinsa, ta ci gaba da tsinar shinkafa. Ba ta yarda ba gaba ɗaya. Amma da ya tafi sai ta lura ta zubar da shinkafa mai kyau cikin tsakuwa.

Ran Juma'a da la'asar, bayan an sauke tukunyar wani suna, mata na zaune a inuwar lungu suna shan shayi, ta faɗi maganar a hankali, kamar ba tata ba. Rabi ce ta fara cafkewa. Rabi maƙwabciyarta ce, bango ɗaya ya raba su, haihuwar Sudan, mai wanki da guga a gidajen Larabawa, bakinta kamar reza.

"Yunan? Ina ne kuma Yunan? Malam Bawa! Kai da ka san duniya, ina ne Yunan?"

Malam Bawa tela ne, shagonsa na kallon lungun. Jirgin sama ya kawo shi hajji daga Kano 'yan shekarun baya, ya ga wuri ya zauna. Yana da rediyo, kuma ya ɗora wa kansa gyara wa haifaffun Jidda Hausarsu. Ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

"Ku dai kullum sai kun ara bakin Larabawa. Yunan ai ita ce Girka. Haka ake ce mata a rediyo. Mutanenta Girkawa."

Rabi ta ajiye kofi. "Me ka ce?"

"Girka."

"Girka dai? Girka ta ɗora tukunya?"

Lungun ya kwashe da dariya. Rabi ta riƙe ciki tana buga cinya.

"Wayyo Allah! Mastura, ashe ƙasarku aka gano miki! Ki je, 'yar'uwa, danginki na can suna jira da ludayi. Malam, don Allah duba mini cikin rediyon nan, ina ƙasar Wanki take, ni ma in shirya?"

"Tana maƙwabtaka da Guga," in ji wata daga baya.

"Hajiya, ni ban faɗa don a yi miki dariya ba," Malam Bawa ya ce da Mastura. "Suna ne kawai."

"Na sani, Malam."

Ita ma ta yi dariyar. Amma kalmar ta ƙi fita daga ranta.

Da dariya ta lafa Rabi ta tambayi ranar tafiya. Da aka faɗa mata sai fuskarta ta canja, don a makon ne za ta aurar da 'yarta.

"To wa zai tsaya mini a kan tukunya? Kin zaɓi Turawa a kan 'yarki ke nan?"

"Ba ni na sa rana ba, Rabi. Masu gida ne."

Rabi ta yi tsaki, ta yi ƙunƙuni. Kowa a lungun ya san maganar masu gida ba a ja da ita. Karo na farko ke nan a rayuwar Mastura da ta sami uzurin da ba wanda zai iya turewa, ta kuwa ji daɗinsa har ta ji kunyar jin daɗin.

Aka shiga shiri. Sidi Othman ya daɗe da yi mata takardar zama 'yar ƙasa, amma jawaz, wato fasfo, ba ta taɓa buƙata ba. Direban gidan ya kai ta wurin mai hoto, aka zaunar da ita a gaban farin ƙyalle aka ce kada ta motsa. Ta zauna. Mai hoton ya daɗe yana gyara na'urarsa, yana ba ta haƙuri, ita kuwa ba ta ƙi ya ƙara daɗewa ba. Malam Bawa ya ɗinka mata riguna biyu masu dogon hannu, ya ce an ce can akwai iska. Ta sayi takalmi mai rufi, ya matse ta, ta riƙa sa shi a ɗaki don ya saki. A hankali ta fara tunanin abin da ba ta saba ba. In gari ya waye a can, bayan salla, me mutum zai yi? Sai ta ga ba ta sani ba, kuma rashin sanin ya yi mata daɗi.

Daga nan wata ƙawar Bashira da ta taɓa zuwa Turai ta kawo ziyara.

Bashira ba muguwa ba ce. Yarinya ce mai tsoro, ba ta taɓa wuce Bairut ba, kuma ba ta iya dafa kome ba sai shayi. Da baƙuwar ta tafi ta sauko ɗakin girki idonta a waje.

"Dada, kin san a can alade suke ci? An ce ko ƙwai suka soya, a kaskon da suka soya alade ne. An ce har cikin miya suke zuba giya."

"A'uzu billahi."

"Na gaya wa Hamad ni ba zan ba 'ya'yana abincin otal ba. Ya ce zai nemi gida, ɗan ƙarami, a bakin ruwa. Ya fi sirri ma. Ba wani girki za a yi ba, Dada, ki kwantar da hankalinki. Butar shayi kawai za mu ɗauka."

Mastura ta ce to. Butar shayi ai ba tukunya ba ce.

Bayan kwana biyu aka ce a ƙara 'yar ƙaramar tukunya saboda abincin yara. Sai aka tuna Hamad ba ya cin kowace shinkafa sai irin wadda ubansa ke shigowa da ita. In za a ɗauki shinkafa kuwa ai sai da tukunyar da ta san ta. Sai kirfa da kanumfari da busasshen lemun tsami, don wa ya san ko suna da su. Nama fa? Bashira ta ce an ce ana samun rago a tsibirin, Hamad zai yanka da hannunsa, Dada sai ta gyara kawai. Kowace magana da "kawai" take ƙarewa. Mastura na ji tana cewa to, tana ƙara wanke abin da aka ambata tana ajiyewa a gefe. Gefen ya fara cika.

Duk da haka ta yi sallama da unguwa yadda ake yi. Mutanen Hindawiyya ba su san tafiyar mako ɗaya a hayin teku ba. Teku sau ɗaya suka san ana haye ta, kuma duk wanda ya haye bai koma ba. Saboda haka wanda zai shiga jirgi sai ya bi gida-gida ya nemi gafara. Mastura ta bi. "Abin da na yi muku, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku yafe mini." Su ce ba ta yi musu kome ba, su ma ta yafe musu. Ta ce mako ɗaya ne fa. Su ce haka ne, Allah ya sa, da irin muryar da ake yi wa mara lafiya magana. Wata tsohuwa da idonta ya tafi ta kama hannunta ta damƙa mata ƙullin dabino, ta ce in ta haye ta ba ƙanenta a Gumel. Mastura ta buɗe baki za ta yi bayani, ta dubi fuskar matar, ta rufe. Ta karɓa, ta ƙudurta za ta ba alhazan da za su koma bayan salla.

Rabi ce ta ƙarshe. Tana guga, ba ta ɗago ba.

"Na yafe miki rabi, tunda sunana ke nan. Sauran sai na ga yadda shinkafar bikin nan ta kasance." Sai ta ajiye dutsen guga ta rungume ta, ta fashe da kuka. "Ki dawo, kin ji? Kada ki yi irin ta iyayenmu."

Ana jibi tafiya Mastura ta kulle ɗakinta ta koma gidan Sidi Othman da ƙullin kayanta, don a ƙarasa ɗauri. Tsofaffin sun riga sun hau Ɗa'ifa da sauran ma'aikata. Ta wuni a tsugune tana naɗe tukwane da tsofaffin jaridu tana jerawa cikin akwatunan katako. Wuƙaƙe, matsami, faranti babba na shinkafa, turmin ƙarfe na dakan kayan ƙamshi. Bayan azahar Bashira ta leƙo ta ce ta tuna, ba a san irin murhun gidan ba, gara a tafi da risho.

Mastura ta ɗauko rishon. Ta zazzage kananzir ɗin, ta goge shi, ta nemi jarida. Da ta zo tashi sai gwiwa ta ƙi. Ta dafa akwati ta gwada, ta ƙi. Sai ta zauna a ƙasa, rishon a cinyarta, ta dubi ɗakin. Duk abin da ta sani a duniya yana cikin akwatunan nan, an ɗaure shi zai bi ta. Bango kaɗai za a bari.

A haka Hamad ya same ta. Ya shigo da fara'a, jawaz ɗinta a hannu, sabo, yana ƙamshin takarda.

"Ga shi, Dada. Yalla, dubi hotonki, kamar matar sarki."

Ta karɓa ta duba, ta rufe, ta miƙa masa.

"Riƙe, Hammudi. Ba zan je ba."

Rabon da ta kira shi da wannan suna tun yana sa gajeren wando. Ya tsuguna a gabanta.

"Jirgin ne? Tsoro kike ji? Wallahi kamar kina zaune a ɗaki ne."

Ga ƙofa ya buɗe mata. Da ta ce e, da magana ta ƙare ba wanda ya ji kunya: tsohuwa ce, tsoron jirgi take. Ta kusa cewa e ɗin. Sai ta ji ta gaji har da wannan.

"Ka tuna Hausar da na koya maka?"

"Zo. Ci. Bari." Ya yi murmushi. "Da 'ɗan banza'."

"Wannan ba ni na koya maka ba. To ka san yadda ake kiran ƙasar nan taku da bakinmu? Girka."

"Girka. To?"

"Girka shi ne ka ɗora tukunya a wuta."

Ya tuntsire da dariya, irin dariyarsa ta yarinta, ya maimaita kalmar. Yana cikin dariyar idonsa ya sauka a kan rishon da ke cinyarta. Daga nan ya bi akwatunan da kallo, ɗaya bayan ɗaya, kamar yanzu aka shigo da su. Dariyar ta tsaya.

"Halas, shi ke nan," ya ce. "A kwance su duka. Otal za mu koma. Ni na yi miki alkawari."

"Ka yi, kuma da zuciya ɗaya ka yi. Amma Bashira ba za ta ci ba. In ba ta ci ba yara ba za su ci ba. Ni kuwa na san kaina. Ko ba wanda ya ce mini kome, in na ji yaro na kukan yunwa zan tashi in nemi wuta, ko a gidan wa take. Ba laifinku ba ne kaɗai. Hannun ne ya saba."

"To me kike so, Dada?"

Ba a taɓa yi mata wannan tambayar a gidan nan ba, sai dai a kan cefane. 

"Makon da ka ce. Shi nake so. Ka bar mini shi a nan."

Ya ce to, direba zai mayar da ita Hindawiyya. Ta girgiza kai. In ta taka lungun nan, kafin ta kwance ƙulli an gaya wa Rabi, kuma ba ta da bakin da za ta ce wa Rabi a'a. Ta riga ta yi sallama, an yafe mata, an yi kuka. A wurin mutanen unguwa ta haye teku.

"Ka ba ni makulli. Gida ma yana son mai tsaro."

"Ke kaɗai a gidan nan? Me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna."

Bashira ba ta ɗauki abin da sauƙi ba. Ta yi kuka, ta ce Dada ta yashe ta a bakin tafiya, ta ce da ta sani da Ɗa'ifar aka je. Mastura ta ja ta zuwa ɗakin girki. Ta zaɓo tukunya ɗaya madaidaiciya, ta tsayar da ita a gaban murhu, ta nuna mata yadda ake auna ruwan shinkafa da gaɓar yatsa, da yadda ake gane kifi ya yi. Ta ce mutanen da teku ta kewaye ba za su rasa kifi ba, kifi kuwa ba ya buƙatar yanka. Bashira ta saurara fuska a ɗaure. Ran tafiya ta shiga mota ba ta waigo ba. Yaran ne suka riƙa ɗaga hannu ta gilashin baya, ƙaramar na kuka tana kiran Dada. Mastura ta tsaya har motar ta sha kwana. Ta ji abin a ƙirjinta, ta kuma ji wani guntun baƙin ciki na daban, na fararen gidajen nan da ba za ta taɓa gani ba. Ta tura ƙofa ta sa sakata.

Hutu ashe shi ma koyonsa ake yi. Washegari ta idar da sallar asuba, ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta ɗakin girki ba, sai ganin ashana ta yi a hannunta. Ta mayar. Ta koma ta zauna a tsakar gida. Ta ga ƙura a kan taga, ta tashi ta goge. Ta zauna. Ta tuna akwatunan ba a kwance su ba, ta miƙe, ta tsaya a kansu, ta ce su jira masu su. Ranar ta yi tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Ta ci dabino da busasshen burodi, ta sha ruwan tulu. Jikinta, da ya ga an daina kora shi, sai ya fito da duk ciwon da ya ɓoye: baya, kafaɗa, tafin ƙafa, har yatsu. Ta kwanta a kan tabarma a ƙarƙashin fanka tana jin su ɗaya-ɗaya, kamar baƙin da suka daɗe a zaure suna jiran a ce su shigo.

Ran Juma'a ta tuna da bikin 'yar Rabi. Ta san war haka an kafa duwatsu, ana gardamar wa zai zuba gishiri, kuma ta san wadda za ta cika ruwa. Ta kai hannu ga mayafinta. Tafiyar ba ta da nisa, motar haya ɗaya ce. Ta zauna da mayafin a hannu har aka kira salla, sannan ta shimfiɗa shi ta yi sallarta, ta roƙa wa amaryar zaman lafiya, ta roƙi Allah ya sa shinkafar ta yi, ko ba ta yi ba a ci a tashi.

Kashegari ta koma barci bayan asuba. Ba ta yi niyya ba. Ta farka ta ga rana ta sauko har tsakiyar bango, ta zabura, tana jiran a kira sunanta daga sama. Ba wanda ya kira. Fanka kaɗai ke juyawa. Ta daɗe a kwance tana sauraron gidan, sai yunwa ta taso mata, yunwa sosai, irin wadda ta manta da ita, don mai girki ƙamshi ke ƙosar da shi.

Ta sa mayafi ta ɗauki kwano ta fita. A bakin titi akwai mai ful, wato dafaffen wake, da tanderun burodin tamis a gefensa. Shekara da shekaru tana wuce shi ba ta taɓa tsayawa ba. Ta shiga layi a bayan leburori, ta miƙa kwano, ya zuba, ya kwarara mai, ya naɗe mata burodi mai zafi a takarda. Ta dawo ta sa sakata, ta zauna a inuwar tsakar gida ta miƙe ƙafafu.

Ta gutsuri burodi ta dangwala ta kai baki. Gishiri bai ji ba. Waken ma da an ƙara masa wuta kaɗan. Ta dafa ƙasa, ta ɗaga gwiwa ɗaya za ta tashi, don ta san inda gishiri yake ko idonta a rufe. Ta tsaya a haka, rabi a zaune rabi a tsaye. Sai ta koma ta zauna, ta jawo kwanon, ta cinye shi yadda yake.